Toshe bakin salansa ko sauya tukunya?

Mai motar da ta cika ƙara, idan lokacin duba lafiyar abin hawa ya matso, ko maƙwabta sun fara kai ƙorafi wajen mai unguwa, hanya biyu ce a gabansa. Ko ya sa a cusa matoshi a bakin salansa, ko kuma a kwance tukunyar salansar gaba ɗaya a ɗaura wata. Bakanike zai yi maka kowacce ka zaɓa, amma ba abu ɗaya ka saya ba.

Kafin a kai ga zaɓi, a fara leƙa ƙarƙashin motar. Sau da yawa ƙarar ba daga baki take fitowa ba. Tsatsa ce ta ci bututu, ko gasket ya ƙone, ko kuma an yanke abin nan mai tace hayaƙi da makanikai ke kira indomi, saboda ƙarafa masu tsada da ke cikinsa, aka jona bututu zalla a gurbinsa. Motocin Kwatano da yawa haka suke isowa hannun mai saye. Bakanike mai gaskiya zai tayar da injin, ya danna tsumma a bakin salansa, ya saurari inda iska ke tsiyaya, ya nuna maka baƙin tabon hayaƙi a jikin ƙarfen. "Alhaji, nan ne matsalar, walda kawai take so." Wannan ɓular ba ta ƙara kaɗai ba ce, domin iskar da ke fita ta nan tana ɗauke da guba marar wari, tana iya shiga cikin mota ta sumar da direba.

To, a ce bututu lafiya lau yake. Matoshi ɗan guntun bututu ne mai ƙananan huji, ana zura shi a bakin salansa a ɗaure da noti guda. A Kofar Ruwa ta Kano ko Panteka ta Kaduna, mai walda zai ƙera maka shi kana tsaye, wani ma ya naɗe shi da soson ƙarfe. Aikinsa shi ne ya ƙuntata hanyar fitar hayaƙi, kuma ƙarar tana raguwa nan take. Arha ne, ba a yanka komai, in bai yi maka ba ka kwance. Wanda ya sayi salansa mai tsada don babur ɗinsa, ba ya son a sa mata wuta, zai ga wannan hanya ta fi masa.

Sai dai injin numfashi yake yi. Duk hayaƙin da bai samu fita ba yana komawa ya tokare wanda ke bayansa, sai ka ji motar tana jan ƙafa in ka taka ta a babbar hanya, zafi ya taru a bututu, mai ya riƙa tafiya. A cikin gari, inda ba a wuce giya ta uku, ba lalle ka lura ba. Hau hanyar Zariya ka ga. Soson ƙarfen nan kuma ba ya jure wuta, yakan ƙone ya fita gutsi-gutsi, ƙarar ta dawo da wani siririn fito mai shiga kunne wanda ya fi na farko ban haushi.

Tukunya kuwa dabararta daban ce, kuma a nan ne ilimin yake. Idan aka tsaga ta masana'anta za a ga ɗakuna biyu ko uku da bututai masu huji suna ratsa su. Ƙara igiya ce ta iska mai tudu da kwari. Ɗakunan suna mayar da ita baya ta haɗu da wadda ke tahowa, tudun wannan ya faɗa kwarin waccan, su kashe juna. Haka ake maganin gurnani mai kauri, wanda ke ratsa bango ya tayar da jariri. Akwai kuma wadda bututunta miƙaƙƙe ne, an kewaye shi da audugar gilas mai shanye ƙara mai kaifi. Ita wannan ba ta tare hayaƙi sosai, amma gurnanin yana wuce ta, audugar kuma tana cinyewa da daɗewa. Shi ya sa motoci da yawa ke fitowa da duka biyun, ƙarama a tsakiya, babba a baya. Abin lura shi ne tukunya tana rage ƙara da faɗin cikinta ne, ba da shaƙe injin ba. Aibinta kuɗi, sai kuma neman wadda ta dace da girman injin, don ta ƙaramar mota ba za ta ɗauki hayaƙin babbar jif ba.

Ta fuskar doka ma sun rabu. A Najeriya hukumar NESREA, da aka kafa a 2007, tana da ƙa'idojin hana hayaniya tun 2009, amma a bakin titi galibi kunnen jami'in VIO ne ma'auni. Ingila ma, a gwajin shekara-shekara na MOT, mai dubawa yana kwatanta ƙarar ne da ta irin motar in tana da salansarta ta asali. A jihar Kalifoniya ta Amurka kuwa lamba aka yanka: desibel 95 ga ƙananan motoci. Ana ajiye na'urar aunawa kimanin rabin mita daga bakin salansa, a karkace, a taka totur. Lissafin desibel yana da yaudara, domin ƙarin 10 kawai kunne yana jin sa kamar ninki biyu, don haka motar da ta buga 105 ba ɗan wuce iyaka ta yi ba. Matoshi yana iya tsallakar da mota wannan gwaji, kuma kowa ya san abin da ke biyo baya: a fita daga harabar, a ɗauko sifana.

Hukumomi ma sun sani. A yankin Tirol na Ostiriya, tun 2020, an hana baburan da takardunsu suka nuna ƙara sama da desibel 95 bin wasu hanyoyin kan duwatsu a lokacin da masu yawon buɗe ido ke tururuwa, ka ga nan matoshi bai da abin cewa, takarda ake karantawa. A 2022 birnin Paris ya fara gwada na'urorin da ke jin ƙara su ɗauki lambar abin hawa, New York ma tana da irinsu. Waɗannan ba su da ranar gwaji, kullum a kunne suke.

Ni dai ina ganin matoshi na da wurinsa: babur mai salansar tsere da ake so a lallaɓa da shi cikin unguwa, ko mota mai jiran kuɗin gyara su taru. In za a bar shi ya zauna, a sa mai walda ya ɗiga masa wuta ya like, a kuma faɗaɗa hujinsa gwargwadon yadda injin zai sarara. Amma motar da ake fita da ita da asuba, ake kai yara makaranta, ake doguwar tafiya da ita, tukunya take buƙata, ko da ta hannu ce daga cikin kayan Beljiyam. In za ka saya, ɗaga ta ka girgiza. Idan ka ji wani abu yana kwaramniya a ciki, ɗakunan sun ɓalle, ajiye ta ka nemi wata.