Hajiya Balaraba Ramat: yarinyar da anka cire daga lakwal, ta dawo da alƙalami

Ƴan uwa mata, a wannan fitowa mun leƙa Kano, domin labarin wata mace da ya kamata a karanta shi a ranar zubi, bayan an rufe akwati.

An haifi Hajiya Balaraba Ramat Yakubu a Kano a 1959. Ƙanwar Janar Murtala Muhammad ce, shugaban Najeriya da anka kashe ranar 13 ga Fabrairu 1976. Kada ku ce to ai ɗiyar manya ce, komi ya zo mata da sauƙi. Ba ta wuce shekara 13 ba anka cire ta daga lakwal, anka ɗaura mata aure da mutumin da ya girme ta nesa ba kusa ba. Auren bai kai shekara 2 ba ya mutu. Ta koma gidansu bazawara, ita da ko girma ba ta gama ba. Wannan ba baƙon abu ba ne gare mu: a nan Nijar, cikin ƴan mata 4, wajen 3 ana yi masu aure kafin su cika shekara 18.

Abin da ta yi daga nan shi ne labarin. Ta shiga koyon ɗinki da saƙa, ta kuma shiga ajin yaƙi da jahilci na manya, mahaifiyarta na rufa mata baya. Sannu a hankali hannunta ya faɗa da rubutun Hausa. A 1987 littafinta na farko, Budurwar Zuciya, ya fito.

Ku lura da yadda sana'ar take a lokacin. Marubutan Kano ba su jiran wani kamfani ya buga masu. Mutum shi ke biɗar kuɗin takarda da na maɗaba'a, ya kai littafi kasuwa wurin dillalai, in ya sayu ya juya kuɗin ya buga na gaba. Ita da su Ado Ahmad Gidan Dabino sun haɗu cikin ƙungiyar Raina Kama, kowa na tallata littafin ɗan uwansa a cikin nasa. Kun ga, da wannan da abin da Mata Masu Dubara ke yi tun da anka soma a jihar Maradi a 1991, duk kanwar ja ce: a haɗa ƙarfi, a juya ɗan abin da ke hannu.

Littafinta da ya fi zagaya duniya shi ne Alhaki Kuykuyo Ne, na 1990. Labarin Rabi ne, wadda mijinta, ɗan kasuwa mai sayar da yadi, ya kora da ɗiya 9 bayan ya yi amarya. Rabi ba ta zauna kuka ba, ta ɗora tukunya tana sayar da abinci, da shi ta riƙe yaran. Wace ce cikinmu a Tebaram ba ta san irin Rabi ba? Wasu ma ba korarsu anka yi ba, maigida ne ya tafi biɗa Abijan ko Libiya, shiru, ba aike ba labari, gero ya ƙare a rumbu. Ƙarshen labarin dai ba zai yi wa kowa daɗi ba, don bayan mijin ya talauce an matsa wa Rabi ta koma. A ganinmu marubuciyar ta faɗi abin da ke faruwa ne, ba abin da ya kamata ba. An mayar da littafin fim a 1998, a 2012 kuma wani kamfani a Indiya, Blaft, ya buga fassararsa da Turanci, wadda Aliyu Kamal ya yi.

Wani littafin nata, Wa Zai Auri Jahila?, ya taɓo mikin da ita kanta ta ɗauka, na auren dole da hana ɗiya mace karatu. Ta sha suka a kansa.

Daga baya ta sa hannu a harkar fim da kanta, tana rubutawa tana shiryawa. Fim ɗinta Juyin Sarauta, mai labarin gidan sarauta na zamanin da, ya fito a 2017, ya kuma ci kyaututtuka a bikin finafinai na Zuma a Abuja.

Ƙungiyar da ke da mai zuwa Kwanni ko Kano, ta ba shi saƙon Alhaki Kuykuyo Ne. Sakatariya ta riƙa karanta shafi 2 ko 3 a kowane zama, waɗanda ba su yi lakwal ba su ma su ji.