Katunan kwalin karin kumallo: yadda abin yara ya zama dukiya a Amurka

A Amurka akwai mutanen da ke biyan kuɗi masu yawa don mallakar ɗan guntun kwali da aka yanke da almakashi shekaru 60 da suka wuce. Katuna ne masu ɗauke da hotunan ƴan wasan besbol, wato wasan ƙwallon da ake bugawa da sanda.

Asalinsu talla ne. Kamfanonin da ke sayar da hatsin karin kumallo, wanda ake ci da madara, sun gane cewa yaro ne ke jan uwarsa zuwa ga kwalin da yake so. Daga 1961 zuwa 1963 kamfanin Post ya buga katuna 200 kowace shekara a bayan kwalayensa, yara kuma su yanke da kansu. A 1962 ya fitar da wasu a Kanada da Turanci da Faransanci. Kamfanin Kellogg's shi kuma, daga 1970 zuwa 1983, ya riƙa fitar da katuna, galibi a cikin kwalin, yawancinsu masu rufin roba waɗanda hotonsu ke fitowa kamar yana da zurfi.

Me ke sa wani kati ya fi wani tsada? Na farko ƙaranci. Ɗan wasan da hotonsa ya fito a kwalin hatsin da bai samu kasuwa ba, katinsa ya fi wuyar samu. Katunan Kellogg's na 1971 ma haka suke, domin a shekarar sai cikin kwali kawai ake samunsu, ba a sayar da cikakken jerin ta gidan waya ba. Na biyu lafiyar katin. Yara da dama sun yanke nasu a karkace, robar Kellogg's kuwa tana tsagewa ko ta nannaɗe idan ta daɗe. Shi ya sa masu saye ke dogara da kamfanoni irin su PSA, da ke tantance kati na gaske da na jabu, su ba shi maki daga 1 zuwa 10.

Katunan kwali ba su kai na kamfanin cingam Topps tsada ba, wanda aka sayar da katinsa na Mickey Mantle na 1952 a kan dala miliyan 12.6 a watan Agustan 2022. Amma dokar kasuwar ɗaya ce: yawancin kwalayen sun tafi bola, sai kaɗan ɗin da suka tsira lafiya suka yi daraja.