Ko Ka Sani? Iskar da Babur Ke Zuƙa Ta Fi Man da Yake Sha

Ko ka san kafin babur ya ƙone lita ɗaya ta fetur sai ya zuƙi iska kusan lita 9,000? Haka lissafin yake: kowane kilo na fetur yana bukatar iska kusan kilo 15 kafin ya ci wuta sosai, iska kuwa ba ta da nauyi, sai an tara ta da yawa take cika kilo. Tun ranar 29 ga Mayu 2023 da aka cire tallafin mai, ɗan acaɓa ba shi da zance sai na lita. Iska kyauta ce, ba wanda ke sa ta a lissafi. Amma a ƙasar Haɗeja, daga ƙarshen Nuwamba zuwa Janairu, iskar nan ma tana cin aljihun mai babur, kuma lokaci ne da saƙonni ke yawa a kan hanya.

A Turai da Amurka, makonnin da ke gaban Kirsimeti su ne kakar kamfanonin kai saƙo irin su DHL da UPS, har sukan ɗauki dubban ma'aikatan wucin gadi don kwalayen kyauta su isa kafin ranar 25 ga Disamba. Kafin Hausa da ke ƙasar Haɗeja garin Musulmi ne, nasa cunkoson sai jajiberin Sallah, duk da haka Kirsimeti tana taɓa shi ta bayan gida. An gama girbi, kuɗi ya shigo hannu. Kudu na neman abin biki: awaki, shanu, busasshen kifin Haɗeja, tattasai, attaruhu, shinkafa. 'Yan kasuwar kudu da ke zaune a Haɗeja suna haɗa kayan tafiya gida, ɗalibai da ma'aikatan Jami'ar Sule Lamido, wadda aka kafa a Kafin Hausa a 2013, suna aikawa suna karɓa. Daga kudun kuma 'yan ci-rani na turo wa iyali atamfa da wayar hannu da takalman yara.

Yawancin wannan kaya ba ya bi ta ofishin kowane kamfani. Ta tasha yake bi. A rubuta suna da lambar waya a jikin kwali, a biya ɗan kamasho, direba ya cusa shi ƙarƙashin kujera. In ya iso sai waya ta yi ƙara: "Alhaji, saƙonka ya sauka, a turo yaro." Mota dai iyakarta kwalta. Wanda ke Bulangu ko wata ruga a bayan fadama, saƙonsa sai ya hau babur. Masu harkar a duk duniya sun yarda wannan zangon na ƙarshe, daga tasha zuwa ƙofar gida, shi ya fi tsada da wahala, domin tirela na ɗaukar kwali dubu ta kai wuri guda, shi kuwa mai babur kowane kwali da ƙofarsa.

Babur ɗin da ya fi yin wannan aiki a yau shi ne Boxer, na kamfanin Bajaj da ke Pune a Indiya, kuma Nijeriya na sahun gaba cikin ƙasashen da suka fi sayensa. Kafin shi an yi zamanin Suzuki da Yamaha masu hayaƙi, aka yi na Jincheng ɗan Sin. Injin Boxer tukunya ɗaya gare shi, mai cin cc 100 ko kusa da haka, wato bai kai sulusin kwalbar lemo ba. Daga wannan ɗan wuri ake fitar da ƙarfin doki kusan 8, da shi ake jan buhu biyu da mutum biyu a kan burji.

Yadda yake aiki bai sauya ba tun 1876, lokacin da Bajamushe Nikolaus Otto ya ƙera inji mai bugu huɗu. Fistin ya sauka ya zuƙo iska gauraye da fetur daga kafireta. Ya hau ya matse su. Filogi ya ba da wuta, su fashe su tura shi ƙasa da ƙarfi. Ya sake hawa ya kori hayaƙin ta salansa. Cikin bugu huɗun nan ɗaya ne kaɗai ke kawo ƙarfi, sauran ukun cin gajiyarsa suke yi. In inji na juyawa sau 4,000 a minti, an yi fashewa 2,000 ke nan kafin ka gama gaisawa da mai shago, kuma kowace fashewa da nata numfashin.

To daga ina iskar Disamba take zuwa? Daga arewa maso gabas, kuma mafi yawan ƙurar da ke cikinta daga Bodele ta taso, wani kwari a arewacin Chadi wanda dā ƙasan babban tafki ne, ya ƙafe ya bar farar ƙasa mai laushi. Masana na lissafa shi a matsayin wurin da ya fi ko'ina tayar da ƙura a duniya, har wani kaso nata kan ƙetare teku ya sauka a dajin Amazon. Mu da ke kan hanya muna samun rabonmu tun da zafinsa. Ga hazon hunturu a sama, ga rairayin jigawa da tayar gaba ke tayarwa a ƙasa, duk kuwa ƙofa ɗaya suke nema, wato bakin kafireta.

Mai gadin wannan ƙofa ɗan soso ne ko takarda mai naɗi da bakanike ke kira iya-kilina. In ta toshe, iska ta ragu, fetur ya yi wa injin yawa: babur ya riƙa shan mai ba ƙarfi, filogi ya yi baƙi, salansa na tari. Nan ne wasu ke yin dabarar da ta fi cutar muni, su zare soson su jefar, babur ya buɗe murya su ce ya warke. Ƙurar da ke shiga daga nan tana da ƙwayoyin yashi masu tauri, su ne ke goge ringi da bangon tukunya a hankali. Bayan 'yan watanni sai a ga baƙin mai na raguwa ba tare da yoyo ba, hayaƙi mai shuɗi-shuɗi na fita ta baya, a ƙarshe a sauke inji. Kuɗin fistin da ringi da aikin bakanike ya ninka na soso sau da yawa. A ganina duk mai ɗaukar saƙo a kan burji da hunturu, wanke soso duk mako ya fi masa sabon fenti da ƙahon mota da ake liƙa wa babur don burga.

Sarƙa ma haka. Man da aka zuba mata yana kama yashi, su haɗu su riƙa cin haƙoran gaba da na baya. Shi ya sa Boxer ke zuwa da murfin sarƙa, murfin da samari ke cirewa wai don ya fi kyau.

Akwai kuma gardamar asuba. Kowa ya san babur kan ƙi tashi da sanyin hunturu, a yi ta buga kik har gumi ya fito. Fetur ba ya ci yana ruwa, sai ya zama tururi. Da sanyi kuwa yakan kwanta a bangon bututu ya ƙi tashi. Aikin cok shi ne ya ƙara yawan fetur a kan iska na ɗan lokaci har inji ya ɗumama. Wanda ya manta bai mayar da shi ba, shi ne zai tsaya goge filogi a hanyar Auyo.

Abin mamaki, injin da ƙura ke kashewa iska ce kuma ke sanyaya shi. Ba shi da lagireto, ba shi da ruwa. Waɗancan haƙarƙarin ƙarfe da ke jikin tukunya su ke miƙa zafi ga iskar da ke wucewa. Saboda haka tafiyar da ta fi gasa inji ba gudu a kwalta ba ce, jan kaya ne a giya ɗaya cikin rairayi, inda inji ke ihu babur na rarrafe, iskar da za ta fifita shi kuwa babu. Gwanayen hanya sun san su ɗan sassauta iskar taya don ta shimfiɗu a kan yashi, sun kuma san su jawo buhu mai nauyi kusa da bayansu. In nauyi ya koma can ƙarshen kariya, tayar gaba takan yi sauƙi, kan babur ya riƙa rawa, a yashi kuwa rawar kai faɗuwa ce.

Da damina labarin ya juya. Kogin Kafin Hausa reshe ne na Kogin Haɗeja, kuma a shekarar ambaliya irin ta 2022 hanyoyi da yawa sun koma na kwalekwale. Babur na iya ratsa ruwa muddin bai kai bakin iya-kilina ba. In ya zuƙi ruwa kuwa, ruwa ba ya matsuwa yadda iska ke yi, fistin ya taho da gudu ya tarar da shi, sandar da ke riƙe da shi na iya lanƙwashewa nan take. Shi ya sa za ka ga an ɗora babur cikin jirgi tare da kayansa, a biya wa kowanne kuɗin fito.

Baburan arewa ba a gida kaɗai suke aiki ba. Kano ta hana acaɓa a Janairun 2013, bayan harin da aka kai wa ayarin Sarki Ado Bayero, masu sana'ar da dama suka watsu neman wani wurin. A ƙarshen Agustan 2019 jami'an Legas suka tare wata babbar mota da ta taso daga Jigawa ɗauke da mutum 123 da babura 48, duk neman abinci ya kai su, aka bincike su aka sake su. Watanni biyar bayan haka, ranar 1 ga Fabrairu 2020, Legas ta hana ɗaukar fasinja a babur a manyan sassan birnin. Kamfanin Gokada, wanda da ɗaukar mutane ya fara, sai ya ɗaura wa baburansa akwati a baya ya koma kai saƙo, domin dokar fasinja ta hana, ba ta hana kwali ba.