Gaskiya ko Jita-jita: Kunya ce ke sa masu ɗora murya a katun ɓoye sunansu?

Duk wanda ya saba kallon fim ɗin Indiya da aka juya zuwa Hausa ya san aikin: baki na wani, murya ta wani. Haka ake yi wa katun ɗin Japan a Amurka, sai dai a can idan aka jero sunaye a ƙarshen fim, sau da yawa sunan da ke rubuce na aro ne. Wai kunya suke ji, ƙato da gemunsa yana magana da bakin zane.

Kunyar ba ita ce kan gaba ba. Ƙungiyar 'yan wasan Amurka, SAG, wadda ta haɗe da takwararta AFTRA a 2012, tana da doka: ɗanta ba ya yi wa kamfanin da bai sa hannu a yarjejeniyarta ba aiki. Kamfanonin juya katun da yawa kuwa ba su sa ba, don hakan ya fi musu araha. Shi kuma ɗan wasa ga kuɗin haya, ga cefane. Sai ya shiga ɗakin naɗar murya, ya karɓi ɗan abin da ya samu, ya bar musu wani suna don kada ƙungiya ta ci shi tara. Ni dai ban ga laifinsa ba.

Kuma ba ƙananan 'yan wasa kaɗai ba. Steve Blum, mai muryar Spike a katun ɗin Cowboy Bebop, David Lucas aka rubuta shi. Bryan Cranston, tun kafin shirin Breaking Bad ya fito da shi duniya, ya yi katun ɗin Macross Plus da sunan Lee Stone.

Inda zancen kunya ke da ƙamshin gaskiya shi ne Japan, inda masu murya kan sauya suna idan wasan kwamfuta na batsa ne.

Akwai kuma tsohuwar gardamar katun ɗin The Simpsons, ko da yake shi ba juyi ba ne. A 1991 an ji wata murya sak ta Michael Jackson tana magana da waƙa a cikinsa, amma sunan da aka rubuta John Jay Smith. Wasu suka ce mai kwaikwayo ne, wasu suka rantse shi ne har da waƙar. Kowa ya ci rabi: maganar tasa ce, waƙar kuwa Kipp Lennon ne ya rera, saboda yarjejeniyar Jackson da kamfanin faifansa ta ɗaure masa baki.