Majalisar Dara a Ƙasar Ajingi: Zumunci Da Gasa a Inuwa Ɗaya

Da zarar an gama aikin kaka, gero da dawa sun shiga rumbu, an cire gyaɗa an rore wake, sai ƙauyukan ƙasar Kano su shiga wani yanayi na dabam. Masu tafiya cirani su ɗaure kayansu, masu noman rani su nufi fadama, waɗanda suka rage a gida kuwa, musamman dattawa da magidanta, sai inuwar itace ta zama mahaɗarsu. Haka abin yake a Ƙaramar Hukumar Ajingi, maƙwabciyar Gaya, wadda ke gabashin Jihar Kano daf da iyakar Jihar Jigawa. A ƙidayar 2006 an sami sama da mutum 170,000 a wannan ƙaramar hukuma, akasarinsu manoma ne da makiyaya, warwatse cikin garuruwa irin su Ajingi, Toranke, Balare, Gafasa, Gurduba da Kunkurawa.

A irin wannan lokaci ne wasan dara ke samun kasuwa. Mai karatu na iya cewa, to, mene ne abin rubutu a kan mutanen da suka duƙa suna wasa da tsakuwa? Amsa ita ce, majalisar dara ita ce kulob ɗin ƙauye. Ba ta da rajista, ba ta da sakatare, ba a biyan kuɗin shiga, amma tana da dokoki, tana da gwanaye, tana da 'yan koyo, kuma tana riƙe da wani zumunci wanda in ya kuɓuce mana, samun madadinsa zai yi wuya.

YADDA AKE YIN TA

Darar da muke magana a kanta ita ce ta gida talatin, wadda maza suka fi yi, ba ta gida goma sha biyu ba, wadda ake zagaya ta da 'ya'ya huɗu-huɗu. Ba ta bukatar allo ko kuɗi. Sai a share ƙasa, a tona gurabu 30, layi biyar mai gida shida-shida. Mutum biyu ke karawa, kowanne da 'ya'ya 12. Don kada a ruɗe, ɗaya ya ɗauki tsakuwa ko ƙwallon dabino, ɗayan kuma ya karya tsinke ko kara.

Wasan kashi biyu ne. Da farko ana dasa 'ya'yan ne ɗaya bayan ɗaya, wannan ya sa, wancan ya sa, kuma ba a yarda mutum ya jera uku a layi ɗaya ba tun ana dasawa. Idan duka 24 sun zauna, gida shida kacal ke nan suka rage babu kowa, daga nan sai a fara tafiya. Ɗa yana gusawa gida ɗaya ne tak, gaba ko baya, hagu ko dama, ba ya yin karkace, ba ya tsallake wani. Wanda duk ya jera uku a layi ya ci, sai ya ɗauke ɗa guda na abokin karawarsa. Jera huɗu ba ci ba ne. Haka za a yi ta yi har 'ya'yan wani su kasa kai uku, ko ya ga babu mafita ya sallama.

Ga mai kallo abin kamar da sauƙi, amma gwanaye sun san tun wajen dasawa ake cin mutum. Babban burin ɗan dara shi ne ya kafa abin da 'yan wasa da yawa ke kira doki. Wato ya shirya 'ya'ya biyu a wannan layi, biyu a layin da ke kusa, ya sami na biyar wanda in ya gusa nan ya cika uku, in ya koma can ma ya cika uku. Wanda aka kafa wa doki, in bai yi dabarar toshe shi da wuri ba, sai dai ya zuba ido ana kwashe masa 'ya'ya ɗaya bayan ɗaya. Wani lokaci kuma mutum ya shagala da shirya wa abokinsa tarko, ashe nasa gidan ya bari a buɗe. Ba banza ba Hausawa ke cewa dara ta ci gida idan makircin mutum ya koma kansa.

Wasan bai tsaya ƙasar Hausa kaɗai ba. Dakarkari na ƙasar Zuru sun shahara da shi, Zabarmawan Nijar suna yin sa da sunan dili, ana kuma samun irinsa a Barkina Faso da Mali.

ABIN DA MAJALISA KE KOYARWA

Mutum biyu ke wasa, amma dara ta jama'a ce. 'Yan kallo kan kewaye wurin, wasu a tsugune, wasu a tsaye, kowa bakinsa na ƙaiƙayi. A al'ada wanda aka ci shi ke tashi ya ba wani wuri, wanda ya ci kuwa ya zauna har sai an sami mai tayar da shi. Ta haka ake gane gwanin unguwa, ba tare da an ba shi kofi ko takarda ba.

A nan ne talaka kan cinye mai hali, ɗan'uwan dagaci ya sha kashi a hannun maƙeri, a yi dariya a tashi lafiya. Masu wasan barkwanci a tsakaninsu, kamar taubasai, ko Bafillace da Babarbare, ko Bakano da Bazazzagi, nan suke baje kolinsu. A nan ake jin farashin hatsi a kasuwa, a ji wanda ba shi da lafiya, a ji wanda aka yi wa haihuwa ko rasuwa. In dattijo ya kwana biyu bai leƙo ba, cikin abokan zamansa za a sami mai zuwa dubo shi, domin zumunta a ƙafa take. Ga tsohon da ƙarfinsa ya ƙare, 'ya'yansa suna Kano ko Legas neman abinci, wannan zama shi ne maganin kaɗaici.

Bugu da ƙari, dara makaranta ce. Yaron da ya saba tsayawa bayan babansa yana kallo yana koyon lissafi, da hangen nesa, da haƙuri, da kuma abin da ya fi duka wuya, wato a ci ka a gaban mutane ka daure, ka ci wani kuma kada ka wulaƙanta shi. Babu alƙali a dara. In mutum ya gusa ɗa ba daidai ba, shi da abokinsa da idon jama'a ne za su warware. Wanda aka sani da maguɗi kuwa, hukuncinsa shi ne ya rasa mai zama da shi.

INDA GIZO KE SAƘAR

Duk da haka, ba za mu ɓoye ba, dara ta daɗe da baƙin jini a wurin wasu, kuma suna da hujjarsu. Akwai magidancin da kan wuni a gindin itace, iyalinsa na jiran cefane. Akwai wanda damina kan faɗi, ciyawa na cin gonarsa, shi yana neman doki. Mafi muni shi ne idan aka sa kuɗi. Ranar da aka ajiye naira a gefen gurabu, wasa ya zama caca, raha ta koma gaba, dattawan kirki su janye, sunan majalisar ya ɓaci.

Matsala ta biyu ita ce ta magada. Matasa da yawa yanzu hankalinsu na gidajen kallon ƙwallon Turai da wayoyin hannu, inda cacar wasanni ke bin su har cikin aljihu. Saurayi na iya lissafo maka 'yan wasan Arsenal ko Barcelona kaf, amma bai san gida nawa ne a dara ba. Tun da yake dokokin wasan a ka suke, duk gwanin da ya kwanta dama ya tafi ke nan da dabarunsa.

Ta uku ita ce rashin tsari. Dokoki kan ɗan bambanta daga gari zuwa gari. Alal misali, a wani wuri ba a ɗauke ɗan da ke cikin jerin uku, a wani wurin kuma ana ɗauka. Muddin gwanin wannan gari zai kara da na wancan, to, sai an fara daidaita irin waɗannan, in ba haka ba gardama ce za ta tashi wasan.

DARASI DAGA ƘASAR ƘANƘARA

Akwai wani wasa a ƙasashen sanyi wanda tarihinsa ya yi kama da na dara ƙwarai. Turawa na kiran sa kalin, wato wasan sulala dutse a kan ƙanƙara. Asalinsa daga Sikotlan ne, inda aka tsinci wani dutsen wasan mai ɗauke da shekarar 1511. Kamar dara, wasan mutanen karkara ne da suke yi lokacin da babu aikin gona, sa'ad da sanyi ya daskarar da tafkuna.

Mutum huɗu-huɗu ke karawa. Kowane ɓangare na da duwatsu takwas, kowane dutse na da nauyin kusan kilo 20. Mutum ya sulala dutsen a kan fili mai tsawon kimanin mita 45, yana nufin wata da'ira da aka zana a ƙarshe, abokansa biyu na gaban dutsen suna goge ƙanƙara da tsintsiya don ya ƙara nisa ko ya miƙe. Ɓangaren da dutsensa ya fi kusa da tsakiyar da'ira shi ke da maki. Ƙarfi ba ya ci a nan, sai dabara: ina za ka ajiye dutsenka ya tare hanya, wanne za ka buge ka fitar.

Abin da ya ceci wannan wasa shi ne kulob. Mutanen Sikotlan da suka yi ƙaura zuwa Kanada sun kafa kulob a birnin Mantiriyal a 1807, kuma yana nan har yau. A 1838 aka kafa babbar ƙungiya a Edinbura don ta daidaita dokoki, domin a da kowane gari da nasa, Sarauniya Biktoriya kuma ta yi mata uwa a 1843. An buga wasan a gasar Olamfik ta hunturu a Faransa a 1924, ya kuma sami zama na dindindin tun daga gasar Nagano ta ƙasar Japan a 1998. Har Nijeriya, da ba ta da ƙanƙara, ta shiga ƙungiyar wasan ta duniya a 2018, ta zama ta farko a Afirka.

Abin lura shi ne, duk da wannan ɗaukaka, yawancin masu yin sa ba sana'arsu ba ce. Malamai ne da manoma da 'yan fansho. Kulob kan raba ranaku: yau ta masu son motsa jiki da hira, gobe ta 'yan koyo, jibi ta masu neman kofi. A al'adarsu ana gaisawa hannu da hannu kafin wasa da bayansa. Wanda tsintsiyarsa ta taɓa dutse bisa kuskure shi da kansa zai faɗa. In an tashi kuma, waɗanda suka ci su ke fara saya wa waɗanda aka ci abin sha, a zauna tebur guda. Sun yi gasa, ba su zubar da zumunci ba.

ABIN DA YA RAGE GARE MU

Ba sai mun je Turai za mu ga amfanin tsari ba. Jamhuriyar Nijar ta fara gasar kokawa ta ƙasa a Tawa a 1975, yau ga shi takobin da ake ba zakara ya zama abin alfaharin ƙasar baki ɗaya. A nan gida, gasar wasanni ta ƙasa da aka fara a Legas a 1973 ta buɗe ƙofa ga wasannin gargajiya, har dambe da kokawa da langa da ayo suka sami wuri. Langar da yara ke yi a dandali da ƙafa ɗaya, yau ana cin lambar zinariya da ita. Me zai hana dara, wadda ba ta bukatar fili ko riga ko takalmi?

A ganinmu hanyar a buɗe take, kuma ba ta da tsada. Da farko, gwanayen Ajingi da Gaya su zauna su amince da doka guda, malaman makaranta su rubuta ta da Hausa, da boko da ajami. Na biyu, kowace majalisa ta sa wa kanta iyaka: ba a zama lokacin aiki, ba a ajiye kuɗi, wanda ya kawo caca a tashe shi. Na uku, a ware rana guda a mako ta koya wa yara, makarantun firamare kuma su karɓi wasan, tun da kayan aikinsa na nan zube a farfajiya. Na huɗu, bayan kaka a shirya gasa tsakanin mazaɓu, hakimai da dagatai su zama iyayen taro, sashen wasanni na ƙaramar hukuma ya ɗauki nauyin ɗan abin da ba a rasa ba. Kyauta kuwa kada ta zama tsabar kuɗi. Rawani, ko buhun taki, ko garma sun isa, don kada kwaɗayi ya kori raha.

Sai dai a yi hattara. In gasa ta zo, kada a manta da tsohon da hannunsa ke rawa, wanda ba kofi ya kawo shi ba, hira ce da ganin 'yan'uwa. Shi ma yana da haƙƙi a inuwar nan daidai da zakara. Tsintsiya maɗaurinta ɗaya: gwani da ɗan koyo da ɗan kallo, su ne suka haɗu suka zama majalisa.

Tarihin Kano ya nuna cewa daga Gaya maƙeran farko suka tashi suka je Dala neman tama. Mutanen wannan yanki sun saba fara abu sauran jama'a su biyo baya. Muna kira ga dattawan Ajingi da Gaya, da malamai, da shugabannin matasa, da su fara wannan aiki tun gwanayen na da rai, tun akwai wanda zai tona gurabu talatin ya ce wa jikansa, zo ka zauna in nuna maka.