Filin jirgin Ambursa da mutanen bakin kogi

Ni mutumin Gwandu ne, aiki ya zaunar da ni a Kalgo. Na tuna lokacin da maniyyatanmu kan yi doguwar tafiya zuwa Sakkwato kafin su hau jirgin Makka. A yau kuwa ga filin jirgin sama na Sir Ahmadu Bello a Ambursa, kusa da Birnin Kebbi, wanda daga cikinsa ne jirgin farko na alhazan Nijeriya ya tashi a watan Mayun 2024, bisa rakiyar Mataimakin Shugaban Ƙasa Kashim Shettima. Wannan abin godiya ne.

Sai dai mai karatu, da zarar an kammala jigilar alhazai, wa filin yake yi wa hidima? Manyan jami'ai da 'yan kasuwa masu zuwa Abuja. Talakan da ke tsibiran Yawuri ko ƙauyukan Ngaski, wanda ruwa kan raba shi da kwalta kowace damina, shi da jirgin sai hange daga nesa. A watan Mayun 2021 jirgin ruwa ya kife da ɗimbin jama'a kusa da Warra, aka yi asarar rayuka masu yawa. Irin wannan rana ce ke nuna tazarar da ke tsakanin bakin kogi da manyan asibitocin Birnin Kebbi da Kalgo.

A jihar Alaska ta Amurka, garuruwa da dama ba su da hanyar mota. Ƙananan jirage masu sauka a kan ruwa ke kai musu likita da magani da wasiƙa, kuma tafkin Hood da suke tashi daga kansa yana maƙwabtaka da babban filin jirgin Ankorej. Mu ma muna da ruwan: ga Kogin Kwara, ga tafkin Kainji tun 1968.

Na san za a ce abin da tsada, kuma gaskiya ne. Saboda haka a fara da rigunan kariya da kwalekwalen ɗaukar marasa lafiya. Bayan haka gwamnatocin Kebbi da Neja su haɗa hannu su nazarci samar da ƙaramin jirgi guda ɗaya tak, mai sauka a ƙasa da ruwa, mazauninsa Ambursa, aikinsa ceton rai. Hausawa na cewa hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Mai naƙuda a tsibiri tana da haƙƙi a kan filin nan kamar yadda alhaji yake da shi. Allah Ya sa shugabanninmu su duba.