Taƙaddamar Alamar Nau'i a Harshen Python da Darasinta ga Rubutun Hausa

1.0 Gabatarwa

Duk tsarin rubutu yana fuskantar tambaya guda: me za a bayyana a kan takarda, me kuma za a bar wa mai karatu ya gane da kansa? Masana Hausa sun daɗe da sanin wannan tambaya ta fuskar karin sauti da tsayin wasali. Masu rubuta manhajar kwamfuta da harshen Python su ma sun shafe shekaru suna muhawara a kanta, dangane da abin da ake kira alamar nau'i.

2.0 Ma'anar Alamar Nau'i

Alamar nau'i ita ce bayanin da ake liƙa wa suna a cikin manhaja domin nuna irin abin da yake ɗauke da shi, ko adadi ne ko rubutu. A ɗauki misalin manhajar da aka shirya wa mai sayar da atamfa a Kantin Kwari, ko mai shago a Kasuwar Sabon Gari, duk a ƙaramar hukumar Fagge. Farashin turmi adadi ne, ana tara shi ana ɗebewa. Lambar wayar abokin ciniki kuwa rubutu ce, ko da yake alƙaluma ne zalla. In aka mai da ita adadi, sifirin farko zai ɓace, lambar ta lalace. Haka ma a wajen 'yan canji na Wapa, dubu goma ta naira daban take da dubu goma ta sefa, amma kwamfuta ba ta rarrabe su sai an gaya mata.

3.0 Yadda Muhawarar ta Gudana

Guido van Rossum, ɗan ƙasar Holan, ya fitar da Python a 1991 ba tare da wannan alama ba, kuma sauƙin nan yana daga cikin abubuwan da suka jawo wa harshen farin jini. Da manhajoji suka girma, hannuwa suka yi yawa a kansu, sai aka fara jin buƙatarta. A 2008, Python 3.0 ta tanadi gurbin sa bayani a jikin umarni, amma ba ta ƙayyade ma'anarsa ba. Takardar shawara ta PEP 484, wadda van Rossum da Jukka Lehtosalo da Łukasz Langa suka rubuta, ita ta ba gurbin ma'ana a Python 3.5 ta 2015.

Daga nan gardama ta koma kan siga. Harshen C yana gabatar da nau'i kafin suna, shi kuwa Pascal suna yake fara kawowa. Python ta bi tafarki na biyu, inda PEP 526 ta 2016 ta ba da damar rubuta farashi: int = 5000, wato farashi cikakken adadi ne. Daga baya aka amince da int | None a madadin doguwar sigar Optional[int], saboda ta fi sauƙin karantuwa. Sai dai ba kowace shawara ce ta tsallake ba. A 2022, majalisar da ke jagorantar harshen ta ƙi PEP 677, wadda ta nemi ƙarin sabuwar siga. Masu goyon bayan alamomi suna cewa da su ake kama kuskure tun kafin a yi asara. Masu ɗari-ɗari kuma suna ganin yawansu na cunkushe rubutu, ya kuma razana ɗan koyo. Matsayar da aka tsaya a kai ita ce alamar ta zama zaɓi: Python ba ta tilasta ta, wata manhaja daban irin su mypy ce ke bin ta tana tantancewa.

4.0 Dangantaka da Rubutun Hausa

Rubutun boko na yau da kullum ba ya bambanta gari na mazauni da gari na tuwo, ko kuka na hawaye da kuka ta miya. Bahaushe yana warware su ta muhallin magana. Ƙamusun Bargery na 1934 ya nuna karin sauti da tsayin wasali saboda baƙon harshe ba shi da wannan masaniya. Taron Bamako na 1966 ya kawo tsarin ninka dogon wasali, aka yi amfani da shi a Nijar kafin a bar shi daga baya. Jaridu da littattafan adabi dai sun ci gaba da tafiya ba alama.

5.0 Kammalawa

Na'urar da ke mai da rubutun Hausa murya, ko take fassara shi, baƙuwa ce, ba ta da kunnen Bahaushe. Idan ba a tanadar mata matani masu alama ba, za ta riƙa karanta gari a inda ake nufin gari, ma'ana ta sauya. Abin koyi daga Python shi ne, ba lallai ne a ɗora wa kowane marubuci nauyin sa alama ba. Abin da ake buƙata shi ne siga ɗaya da masana suka amince da ita, wadda za a sa a ƙamus da matanin bincike da kayan horar da na'ura, a bar marubucin yau da kullum da rubutunsa yadda ya saba.